Daga Littafin Jarumai Zuwa Wasan Karta: Inda Lissafi Ke Shigowa

Ɗalibin da ya yi karatun Hausa a Ƙofa ko Kusada ko Kankiya da wuya a ce bai san Iliya Ɗan Maiƙarfi ba, wato littafin nan na Ahmadu Ingawa, wanda sunan garinsa ya nuna maƙwabci ne na kusa. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne tushen labarin yana ƙasar Rasha, inda aka yi ɗaruruwan shekaru ana rera waƙoƙin wani jarumi mai suna Iliya Muromets. Birnin Kib na cikin littafin shi ne Kiyef, Sarki Waldima kuwa shi ne Biladimir. Labarin ya tashi daga bakin mawaƙa ya shiga takarda, ya ƙetare teku da hamada ya sami rigar Hausa, amma abu guda bai taɓa sauyawa ba: Iliya yakan fara ne yana zaune ba ya iya tafiya, sannan baƙi su zo, sannan ya miƙe, sannan ya fita yaƙi. Ko sau ɗari aka karanta, a kan wannan jeri za a same shi.

To, akwai wata irin sauya riga da ba ta yarda da jeri ko kaɗan. Tun daga shekarun 1990 kamfanoni a Amurka suka shiga ɗaukar manyan littattafan almara, irin masu juzu'i uku ko biyar, cike da sarakuna da mayu da dodanni, suna mayar da su wasan karta. Kowane jarumi, kowane gari, kowane takobi yakan sami katinsa, da hoto da lambobi da ɗan bayanin abin da katin zai iya yi. Mai zanen hoto yana da nasa aiki, haka ma mai rubuta bayani, amma babban nauyin yana wuyan mai lissafi, domin kafin a fara kowane wasa sai an cakuɗa katin, kuma cakuɗawa ita ce babbar abokiyar gabar labari.

Girman Matsalar

Kartar da aka saba gani a kasuwa tana da kati 52. Idan ana son sanin hanyoyi nawa za a iya jera su, sai a ce katin farko yana iya zama kowanne cikin 52, na biyu kowanne cikin 51 da suka saura, na uku cikin 50, haka har zuwa na ƙarshe, sannan a ninka waɗannan lambobi gaba ɗaya. Amsar da ke fitowa lamba ce da ta fara da 8, lambobi 67 na biye da ita. Saboda haka duk wanda ya cakuɗa karta da kyau, kusan tabbas ne jerin da ke hannunsa ba a taɓa yin irinsa ba tun da aka fara buga karta a duniya. Shi kansa "da kyau" ɗin masana sun auna shi: a 1992 Dave Bayer da Persi Diaconis suka nuna cewa idan ana raba tulin gida biyu ana saƙa su cikin juna, sai an yi haka kimanin sau bakwai kafin kati 52 su gauraya sosai.

Marubucin littafi ya zaɓi jeri ɗaya tak, a kansa ya gina duk daɗin labarinsa. Mai tsara wasa kuwa dole ya gina abin da zai ba da ma'ana a kowane jeri ya faɗo. Wanda ya saba da dara zai gane bambancin nan da nan. A dara ramuka 30 suna gaban kowa, 'ya'ya goma sha biyu na kowane ɗan wasa suna fili, babu ɓoyayyen abu, babu sa'a, wanda ya fi hangen nesa shi ke ci. A karta kuwa, ko da Whot ce da yara ke bugawa a zaure, mutum bai san abin da ke hannun abokinsa ba, bai kuma san abin da zai ɗauko gaba ba.

Ba abin mamaki ba ne da ya kasance malamin lissafi ne ya buɗe wannan fage. Richard Garfield ya sami digirinsa na uku a Jami'ar Fensilbaniya a 1993, a fannin lissafin ƙidayar hanyoyin jerawa da zaɓe, kuma a wannan shekarar kamfanin Wizards of the Coast ya fitar da wasansa mai suna Magic: The Gathering. Sabon abin da ya kawo shi ne kowane ɗan wasa zai zo da tulin katinsa da ya haɗa da kansa, ya zaɓo daga cikin ɗaruruwa. A watan Disamba na shekarar aka fitar da ƙarin kati na farko, guda 78, kuma daga littafi aka ɗauko su, littafin da Hausawa suka daɗe da sani: Dare Dubu da Ɗaya. Akwai katin Aladin, da na Ali Baba, da na Sinbad.

Wanda ya fi ban sha'awa a cikinsu shi ne katin Shaharzad. Garfield bai ba ta ƙarfin yaƙi ba, tun da ba yaƙi ta yi ba. Abin da ta yi shi ne ba da labari a cikin labari domin ta ja lokaci. Don haka idan aka saukar da katinta, sai 'yan wasan su ajiye wasan da suke yi yadda yake, su ɗauki ragowar katinsu su fara wani sabo, wanda aka kayar a ƙaramin wasan ya dawo babban ya yi asarar rabin ransa. Idan wani ya sake saukar da Shaharzad a cikin ƙaramin wasan, sai a buɗe na uku. Wanda ya karanta Magana Jari Ce zai tuna yadda Aku ya riƙa riƙe Musa da labari bayan labari don kada ya fita. Katin ya yi aikin Shaharzad har ya wuce gona da iri: wasanni suka riƙa ƙin ƙarewa, daga bisani aka haramta shi a gasa. A fagen fassara labari zuwa doka, da wuya a sami katin da ya kai shi aminci ga asalinsa.

Idan Jarumi Bai Zo Ba

A 1996 George R. R. Martin ya fitar da A Game of Thrones, juzu'in farko na dogon labarin gidajen sarauta masu rikici a kan gadon mulki, wanda ya kai juzu'i biyar a 2011. A 2002, shekara tara kafin a fara nuna shi a talabijin, kamfanin Fantasy Flight Games ya mayar da shi karta, Eric Lang ne ya jagoranci tsarin. Kowane ɗan wasa yana riƙe da gida ɗaya, tulinsa bai gaza kati 60 ba, ba a yarda ya sa kati iri ɗaya fiye da uku ba, kuma da kati bakwai ake farawa.

Ga tambayar da ya kamata kowane ɗalibin aji biyar ko shida ya iya amsawa. Mutum ya gina tulinsa a kan jarumi guda, ya sa katinsa uku cikin 60. Mece ce yiwuwar ya sami ko da ɗaya a cikin bakwai na farko? Hanya mafi sauƙi ita ce a fara lissafa yiwuwar rashinsa. Katin farko ya zama ba shi ba ne: 57 cikin 60. Na biyu: 56 cikin 59, tun da an rage ɗaya daga sama da ƙasa. Haka za a yi ta tafiya har na bakwai, wanda yake 51 cikin 54. Idan aka ninka su, yawancin lambobin sukan kashe juna, abin da ke saura shi ne 53 × 52 × 51 a bisa 60 × 59 × 58, wato 140,556 a bisa 205,320, kimanin kashi 68 cikin ɗari. Yiwuwar samunsa ke nan kashi 32 cikin ɗari kacal. Da kati ɗaya ya sa, da ba ta kai kashi 12 ba. Da biyu ne, kashi 22.

Abin ya fi haka tsanani. Bayan mutum ya ga kati 15, yiwuwar ta hau zuwa kusan kashi 59. Bayan ya ga 30, wato rabin tulin, ta kai 88, ma'ana a cikin wasa ɗari akwai kamar goma sha biyu da za a ci rabin tuli jarumin bai leƙo ba. A kwatanta da a buga Ruwan Bagaja, a sami kwafi goma sha biyu cikin kowane ɗari da Alhaji Imam bai bayyana ba har tsakiyar littafi!

Maganin da masu tsara wasan Martin suka samo ya cancanci a tsaya a kansa. Ban da babban tulin da ake cakuɗawa, sun ba kowane ɗan wasa wani ƙarami mai kati bakwai wanda ba a cakuɗa shi, shi ne tulin makirci. A farkon kowane zagaye kowa zai zaɓi ɗaya a ɓoye, a buɗe tare. Katin shi ke faɗin yawan zinariyar da mutum zai samu, da wanda zai yanke shawarar mai farawa, da yawan ɓarnar da harinsa zai yi, kuma wanda aka yi amfani da shi ba ya dawowa sai an gama da sauran. Akwai wani a ciki da ke kashe duk jaruman da ke kan tebur, na abokin gaba da na mai katin. Ta haka ɗan wasa ya zama rabin marubuci: bai da iko a kan wanda zai zo hannunsa, amma shi ke yanke lokacin da annoba za ta sauka. Abokin karawarsa kuma yana ƙidaya, ya san kati nawa suka saura, ya san mugun bai fito ba tukuna, sai ya ɓoye wani jarumi a hannu don gudun ranar.

Hari ma sun kasa shi uku, daidai da yadda mutanen littafin ke cutar juna. Harin soja yakan kashe mutum, na munafunci yakan zare kati daga hannun abokin gaba ba tare da an duba ba, na mulki kuma yakan ƙwace masa daraja, wanda ya fara tara daraja 15 shi ya ci. Jarumi mai suna idan aka kashe shi yakan tafi wani tuli dabam na matattu, sauran katinsa biyu su zama banza. Wannan doka ita ta ɗauko ruhin littafin, inda Eddard Stark, wanda mai karatu ya ɗauka shi ne gwarzo, ya rasa kansa tun a juzu'in farko. A tebur yana iya rayuwa har ya ci sarauta, amma fargabar rasa shi tana nan a kowane zagaye, kuma fargabar ce abin da ya kamata a fassara.

Zobe da Dayis Biyu

Littafin J. R. R. Tolkien, The Lord of the Rings, wanda ya fito juzu'i uku a 1954 da 1955, ya zo da wata matsala dabam. Ginshiƙinsa zobe ne da ke ba mai riƙe da shi iko yana kuma lalata masa zuciya a hankali. Yaya za a rubuta lalacewar zuciya da lamba? Kamfanin Iron Crown Enterprises, a wasansa na 1995, ya ba kowane abu mai ƙarfi makin ruɗi. Jarumi yana ƙara kaya, makinsa yana hawa, kuma lokaci lokaci sai a jefa dayis biyu irin na ludo. Idan jimillar ba ta haura makinsa ba, an rasa shi. Dayis biyu suna da hanyoyin faɗuwa 36. Mai maki 2 zai tsira a hanyoyi 35, mai maki 6 a hanyoyi 21, mai maki 9 a hanyoyi 6 kawai. A lura da yadda hatsarin ke tafiya: daga farko ƙarin maki ɗaya ba ya cin komai, a tsakiya kuwa kowane ƙari yana cin hanyoyi biyar ko shida. Ɗan wasa yakan ji a ransa cewa ɗan ƙari kaɗan ba zai yi komai ba, wanda shi ne ainihin abin da mutanen littafin ke faɗa wa kansu.

A 2011 Nate French ya bi wata hanya a wasan da ya tsara wa Fantasy Flight Games daga wannan littafi. Ya sa 'yan wasan duka a ɓangare ɗaya, suna yaƙar wani tuli da ke fitar da abokan gaba da bala'o'i da kansa. Kowa yana da ma'aunin barazana da ke hawa kowane zagaye, wanda nasa ya kai 50 ya fita. Sannan ya kashe matsalar rashin zuwan jarumi da sara ɗaya: manyan jarumai, har zuwa uku, suna kan tebur tun daga farko, ba sa shiga tulin da ake cakuɗawa.

Batun Caca

Malamai da iyaye a wannan yanki suna da dalilin ɗaure fuska idan aka ambaci karta, domin an fi saninta da caca, kuma tarihin waɗannan wasanni bai wanke su sarai ba. A dokokin Magic na farko kowane ɗan wasa yakan ajiye kati ɗaya a gefe, wanda ya ci ya kwashe. Ba a daɗe ba aka hana wannan a gasa, aka kuma daina buga katin da suka dogara da shi. Sai dai wata cacar ta saura a wajen saye. Ana sayar da katin ne a rufaffen ƙunshi, mai saye bai san abin da ke ciki ba, waɗansu katin kuma da gangan aka ƙaranta su. A 2023 Wizards of the Coast ya buga katin zoben Tolkien na musamman kwafi ɗaya tak a duniya, ya ɓoye shi a cikin ƙunshi guda. Wani mutum a Kanada ya dace da shi, mawaƙin Amurka Post Malone ya saye shi a kan kuɗin da rahotanni suka ce ya kai dala miliyan 2. An ɗauki labarin da ke gargaɗi a kan kwaɗayin zobe, an sa dubban mutane zubar da kuɗi wajen neman zobe.

Ba dole ne a yi haka ba. A 2008 Fantasy Flight Games ya sauya tsarin sayar da wasan Martin: kowane ƙunshi abin da ke cikinsa sananne ne, iri ɗaya ga kowa, wasan Tolkien na 2011 ma a kan wannan tsari ya fito. Sa'a ta tsaya a tebur, inda ba a zuba kuɗi, ta fita daga kanti. Bambancin da ya kamata ɗalibi ya riƙe ke nan, kuma lissafin da aka yi a sama shi ne dai zai nuna masa ƙunshi nawa mutum zai saya kafin ya yi tsammanin samun katin da ba ya fitowa sai sau ɗaya cikin ɗari.

Iliya a Kan Tebur

Ajin da ke son gwada wannan ba ya bukatar komai sai kwali da almakashi da littafin Ahmadu Ingawa. Aikin aji ne, ba na sayarwa ba, don littattafan suna da masu haƙƙinsu. A yanka kati 40, a fara da biyar a hannu. Tunanin da zai fara zuwa wa kowa shi ne a yi katin Iliya mai ƙarfi sifili, wanda ba ya motsi sai an saukar da katin baƙin da suka warkar da shi. Tunani ne mai kyau, ya bi littafi. Amma a lissafa. Idan akwai katin Iliya uku da na baƙi uku, yiwuwar samun Iliya a hannun farko kusan kashi 34 ce cikin ɗari, ta baƙi ma haka, yiwuwar samun su tare kuwa ba ta wuce kashi 10 ba. Wasa tara cikin goma za a fara su ne ko da gurgu babu mai warkarwa, ko da masu warkarwa babu gurgu, ko babu kowa.

Gyaran da ya fi dacewa shi ne na French: a fitar da Iliya daga tuli, a zaunar da shi a tebur tun farko, a cike gurbinsa da waɗansu katin. Yanzu baƙi kaɗai ake jira. Yiwuwar su zo a hannun farko kashi 34 ce, bayan an ga kati 20 kuma ta haura 88. Lissafi ya gyaru, labarin ma ya fi kama da kansa, tun da a littafin Iliya yana nan tun shafin farko, zaman jira yake yi. Sauran tambayar ita ce me ɗan wasa zai riƙa yi kafin baƙin su iso, kuma wace barazana ce ke matsowa birnin Kib a kowane zagaye da zai sa jiran ya yi zafi. Ruwan Bagaja kuwa ya fi dacewa da mutum biyu masu karawa, domin Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman ramuwar gayya suke yi wa juna gari bayan gari, kuma tulin makirci da ba a cakuɗawa kamar don su aka ƙirƙiro shi.

Kafin a yarda da lambar 34, sai a gwada ta. A kasa aji gida goma, kowane rukuni ya cakuɗa kati 40 ɗin sosai, ya raba biyar, ya rubuta ko baƙo ya fito, ya maimaita sau ɗari. Rukuni ɗaya yana iya samun 27, wani 41, har gardama ta tashi a kan wanda ya yi kuskure, alhali babu wanda ya yi, domin a gwaji ɗari sakamakon yakan yi yawo tsakanin 25 da 43. Idan aka haɗa na rukunan goma ya zama gwaji dubu, yawon yakan ragu, amsar ta faɗo tsakanin kashi 31 da 37. Rukunin da nasa ya yi nisa ƙwarai da wannan, a je a duba yadda yake cakuɗa katinsa.